Yakuwata da kajina a bakin sanyin Ohayo

Asabar, 28 ga Satumba

Yau da safe yakuwa ta buɗe furenta na farko, guda uku, fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa da jan ido a tsakiya. Kafin la'asar duk sun yanƙwane, don furenta yini ɗaya ne rabonsa. Wata shida da rabi ke nan ina jiran wannan rana. Tun tsakiyar Maris na tsinci gurguzu a gindin ledar zoɓon da na saya a wani shagon 'yan Afirka da ke titin Morse a birnin Kolombos na jihar Ohayo, nan Amurka, na binne a ƙananan kofuna a bakin tagar kicin, na dasa su waje a ƙarshen Mayu bayan sanyi ya janye. Gindi 18 suka kama. Sun yi tsawo har sun wuce kaina, mun sha miyar yakuwa har mun kai wa mutane, amma fure ko ɗaya babu.

Sai a Agusta na gano dalili. Yakuwa tsawon dare take aunawa, sai yini ya ragu zuwa wajen awa 12 take fara fure. A Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yini ba ya kai awa 13 ko a watan Yuni. Da damina ta fara ja da baya sai ta yi fure, ta samu Oktoba da Nuwamba rana na dukanta, a cire zoɓo da shigowar hunturu. Nan gefen Kolombos muna kan digiri 40, yinin Yuni awa 15 ne, kuma sai ƙarshen Satumba yake saukowa inda take so. Gajeren yinin da take jira yana zuwa ne tare da sanyin da zai kashe ta. A nan akasari tsakiyar Oktoba ake ganin raɓar ƙanƙara ta farko, wato raɓar da ke daskarewa a kan ganye ta yi fari kamar an barbaɗa gishiri. Zoɓo kuwa yana bukatar kamar sati uku bayan faɗuwar fure kafin ya cika. Idan na lissafa, kwanakin da ke hannuna da ƙyar suke isa, shi ya sa na fara rubuta komai.

Abin da ke lambu yau: yakuwa layi biyu, ɗaya jikin bangon gareji, ɗaya can ƙasa kusa da shinge. Kuɓewa 12, attarugu 8, tumatir 6, fangali ɗaya na dankalin Hausa, ɗaɗɗoya, alayyafo, karas, da ganyen kel, ɗan'uwan kabeji, wanda maƙwabcinmu ya ba ni dashensa. Zogale biyu a tukwane. Kaji shida, ba zakara, don dokar garinmu ta hana shi saboda cara.

Laraba, 2 ga Oktoba

Ƙwai 4. Fure 21 na ƙirga. Na sayo abincin kaji buhu ɗaya mai kilo 22 da ɗoriya a kan dala 19, da dusar katako ta shimfiɗa dala 7.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na buɗe akurki bayan asuba na tarar da gashi ko'ina, gabana ya faɗi, na ɗauka rakun ne ya shiga. Shi ne muzurun ƙasar nan, yana da yatsu kamar na jariri, yana iya zare sakata. Na ƙirga su sau biyu, shida cif. Ɗaya daga cikin wake-waken ce ta fara zubar da gashi, wuyanta ya zama tsirara, jelarta ta tafi gaba ɗaya. Auta ya ce daga yau sunanta Fingi.

Shekararsu ɗaya da rabi, kuma daidai wannan shekarun kaza ke yin sauyin gashinta na farko, da kaka, idan yini ya gajarta. Abin ya tsaya mini a rai: ragowar hasken da ta sa yakuwa fure ita ce ta sa kaji suka fara daina ƙwai. Kaza tana son haske kamar awa 14 kafin ta riƙa yin ƙwai kullum, yanzu kuwa yini bai kai awa 12 ba. Ga shi gashi kusan duk furotin ne, jikinta ba zai iya haɗa yin ƙwai da fitar da sabon gashi ba. Na koma shago na sayo abinci mai furotin kashi 20 a maimakon mai kashi 16 da suke ci, dala 23. Bawon ƙwai na gasa na daka na zuba a kwano daban saboda masu yin ƙwai har yanzu.

Wasu suna sa musu ƙwan lantarki a akurki don su ci gaba da ƙwai duk lokacin sanyi. Maigida ya kawo shawarar, na ce a'a. Tun watan Oktoban bara suke ciyar da mu ba hutu, a bar su su yi gashinsu kafin sanyi na gaske ya zo.

Na hana yara ɗaukar Fingi. Sabon gashin da ke tsirowa yana da jini a cikinsa, taɓa shi yana mata zafi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ƙwai 3. Zoɓon farko ya kai girman ɗan yatsa. Sanyin safe digiri 7.

Asabar, 12 ga Oktoba

Aikin yini guda. Mun haƙe dankali ni da yara, muka samu kilo 14, biyu fatanya ta sare. Dankalin Hausa ba ya son ƙasa mai sanyi, idan raɓar ƙanƙara ta kashe yaɗonsa aka bar shi a ƙasa ba ya ajiyuwa. Na jera shi a kwali a ɗakin wanki, inda ya fi ko'ina ɗumi, zai yi kwana goma fatarsa ta yi ƙwari ya ƙara zaƙi. Ganyensa na watsa wa kaji, kafin azahar sun cinye.

Kuɓewa ta riga ta tsaya da kanta tun da dare ya fara sanyi. Na cire abin da ya rage, na yanka, na sa a na'urar busarwa, don ranar nan ba ta da ƙarfin busar da kuɓewa a tabarma. Tukwanen zogale mun kinkimo su cikin falo, jikin tagar kudu. Bara na yi haka, ya zubar da ganyensa kaf, na rage masa ruwa, da Mayu ya sake tohowa.

Na kira Inna na juya mata kyamara ta ga yakuwa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai ba ta nuna ba, ki ba ta wata guda." Na ce, "Inna, wata guda ne ba ni da shi." Ta ce to Allah Ya kawo sauƙi, amma kada in kuskura in cire shi ɗanye, ba zai yi ja a tukunya ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Hukumar yanayi ta fitar da gargaɗi. Daren gobe zai sauko digiri 35 a ma'aunin Amurkawa, wato kusan 2 a namu, sama garau, ba iska.

Shekarata ta farko a ƙasar nan na ɗauka sai ma'auni ya kai sifili ruwa ke daskarewa, don haka digiri 2 ba abin damuwa ba ne. Tsohon maƙwabcinmu, wanda ya haura shekara 40 yana noma bayan gidansa, shi ya warware mini. Ma'aunin da ake sanarwa a tsawon mutum ake ɗaukarsa. Idan dare ba gajimare, zafin da ƙasa ta tara da rana yakan tsere sama ba abin da ya tare shi, sai ganye ya fi iskar da ke kansa sanyi. Iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, gangarawa take yi kamar ruwa ta taru a kwari. Ya tsaya a bakin shinge ya nuna mini layin yakuwar ƙasa da sandarsa, ya ce can za ta fara sauka.

Na shayar da lambu sosai da la'asar, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafi. Na cire tumatir duka, jajaye da ɗanyu, kwando biyu. Attarugun da ya nuna na tsinke, koren na bar shi a jiki. Na fito da tsofaffin zannuwan gado guda biyar da bargo biyu. Ba za su isa ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na taso daga aiki ƙarfe biyar, na biya shago neman farin mayafin lambu, na tarar an saye shi kaf. Dole na ɗauki leda mai kauri ta masu fenti, dala 12.

Kafin magariba mun kafa sanduna, mun rufe layin gareji da zannuwa har ƙasa, muka danne gefe da bulo. A ƙarƙashi na jera jarkoki shida cike da ruwan zafi. Attarugu ya samu barguna. Layin ƙasa, gindi 8, shi ya samu leda. Duhu ya riga ya yi, sandunan sun ƙare, sai muka ɗora ta kai tsaye a kan ganye. Ɗaɗɗoya da alayyafo na bar su ga Allah.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ta sauka.

Na fita da tocila bayan asuba, ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmina. Ma'aunin da ke jikin gareji ya nuna digiri 2, wanda na rataye a shingen ƙasa ya nuna 1 ƙasa da sifili. Tsakaninsu taku 25 ne. Rufin mota, murfin bola, igiyar shanya, komai ya yi fari. Da rana ta fito wajen takwas saura kwata duk lambun ya ɗauki ƙyalli, na kira yara suka fito da rigunan barci suka tsaya suna kallo. Abin yana da kyau ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ɓarna ba ta nuna kanta da safe. Ganye yana nan a miƙe kamar ba abin da ya same shi, sai rana ta narkar da ƙanƙarar sannan ya zube. Ruwan da ke cikin ganyen ne ke daskarewa ya lalata ƙwayoyinsa, shi ya sa yake komawa kamar wanda aka tafasa. Ƙarfe goma ɗaɗɗoya ta yi baƙi ƙirin. Kuɓewa da tumatir sun lanƙwashe. Alayyafo ya kwanta.

Layin gareji ya tsira, in ban da kan rassa biyu da suka leƙo ta tsakanin zannuwa. Bangon ya sha rana ya mayar musu da ɗumi da dare, ga jarkokin ruwa. Da na ɗaga zani na sa hannu, ciki ya fi waje ɗumi sarai.

Layin ƙasa kuwa ya tafi. Duk inda leda ta taɓa ganye ya ƙone, kuma kusan ko'ina ta taɓa. Ledar ta tara gumi a ciki, gumin ya daskare a jikin ganyen, ga shi can ne sanyi ya taru. Na san an ce kada leda ta taɓa shuka, na ji da kunnena, amma gajiya da duhu suka sa na ce dare ɗaya ne. Da na ɗauko kujerun roba na jera a ƙarƙashi, ko na kwashe labulen falo, da wataƙila rabinsu sun rayu. Gindi 8 da na raina tun suna cikin kofi. Na zauna a kan bulo na daɗe ban tashi ba. Maigida ya fito ya ce, "Ki yi haƙuri, Maman yara, goma suna nan." Daga nan ya ɗauko almakashi muka shiga cire zoɓon da ke jikin matattun kafin ya ruɓe. Ƙanana ne, yawancinsu ba su kai kan babban yatsa ba. Roba ɗaya muka samu.

Kel da karas ko a jikinsu. Ganyen kel ya yi fari fat da asuba, da hantsi ya miƙe kore shar.

Kaji sun fito sun tsaya a ƙofar akurki suna ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya, sannan suka bazu. Ruwansu ya yi 'yar fatar ƙanƙara a sama, na fasa da yatsa. Ƙwai 2.

Asabar, 19 ga Oktoba

Kuskure na biyu a mako guda, wannan a akurki. Daren Laraba tausayin Fingi ya kama ni, ganin ba ta da gashin wuya, sai na toshe ramukan iska na saman akurki da kwali, na bar su a toshe kwana uku. Yau da na buɗe ƙofa wari ya doki hancina har idona ya kawo ruwa. Rufin kwano yana ɗigar ruwa ta ciki, shimfiɗa ta yi danshi, ɗaya daga cikin jajayen tana atishawa.

Kaza tana jure sanyi fiye da yadda nake zato. Zafin jikinta ya kai digiri 41, tana kumbura gashi ta tara iska mai ɗumi, ta zauna a kan ƙafafunta. Danshi ne ke cutar da ita. Numfashin kaji shida da kashinsu suna fitar da ruwa mai yawa cikin dare, idan ba shi da hanyar fita sai ya sauka a kan zankonsu, sanyi ya daskarar da shi, kan zanko ya yi baƙi ya mutu. Jajayen nan biyu, irin Rhode Island Red, su ne masu dogon zanko, su abin zai fara kamawa. Iska ta riƙa fita ta sama da kansu, amma kada ta busa daidai inda suke kwana.

Na cire kwalayen, na kwashe shimfiɗa duka na kai juji, na zuba sabuwar dusar katako mai kauri. Sandar kwanansu na canza da katako mai faɗi, faɗin yana kallon sama, yadda za su rufe yatsunsu da ciki. Ledar fentin nan na kafa ta a gefen yamma na farfajiyarsu ta tare iska, nan ne wurinta. Fitilar ɗumama akurki ba zan sa ba. Ƙura da gashi da busasshen katako ne a ciki, ga kaji masu tashi sama, gobara ba ta da wuya.

Mai atishawar na ware ta a keji cikin gareji. Tun 2022 murar tsuntsaye ke yawo a ƙasar nan, kuma yanzu ne dinya da agwagin daji ke wucewa kudu garke-garke, kullum ina jin kukansu a sama. Ta ci, ta sha, idonta garau, fuska ba kumburi. Zan sa mata ido.

Talata, 22 ga Oktoba

Ja ta daina atishawa, na mayar da ita cikin 'yan'uwanta da dare. Zafi ya dawo, digiri 24 da rana. Yakuwar gareji ta ci gaba da fure kamar ba abin da ya faru, zoɓonta na ƙasa ya fara kumbura ya yi ja wur. Na tuge kuɓewa da tumatir, na saki kaji a fangalin su tona. Ƙwai 1.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na shuka tafarnuwa, ƙwara 60, zurfin yatsa biyu a tsaye, tsini yana sama, na rufe da karan alkama. Dami ɗaya dala 8. Ita sanyin take so, sai ta kwana a ƙasa duk hunturu take rabuwa ta yi 'ya'ya, a haƙe ta a Yuli. Kaji sun shiga sun watsa karan cikin minti goma, na kewaye wurin da waya.

An ce daren gobe zai fi na wancan makon tsanani.

Litinin, 28 ga Oktoba

Jiya na tsaya a gaban yakuwa ina shawara da zuciyata. Hasashe ya nuna digiri 2 ƙasa da sifili, kuma zai daɗe awanni. Zani yana ƙara digiri biyu ko uku ne kawai, irin wannan daren ya fi ƙarfinsa. Ko in rufe in yi fata, ko in cire abin da na samu. Na tuna layin ƙasa, na ɗauko almakashi.

Daga azahar har isha'i muna cira, ni da maigida da yara, ƙarshe da fitilar waya. Kwana 11 da zannuwan nan suka ƙara mata su ne suka yi aikin: zoɓon da ke ƙasan rassa ya cika, ya yi kauri, yana ƙas idan an karya shi. Na sama ƙanana ne, duk muka haɗa. Na tsinke ganye mai kyau, na tafasa shi sama-sama na ƙulla leda 9 na sa a firiza saboda miya. Attarugu ma na kwashe duka, biyu na tuge da saiwa na rataye a gareji kai ƙasa don koren ya ƙarasa nuna.

Yau da safe ma'aunin shinge ya nuna 3 ƙasa da sifili. Yakuwa ta yi baƙi tun daga sama har ƙasa. Ruwan kaji ya daskare gaba ɗaya, sai da na kawo na ɗumi a buta. Na yi odar faranti mai ɗumama mazubin ruwa, dala 42.

Daren yau muka zauna cire ƙwallon ciki. Na aika wa Inna hoton tiren, ta ce, "Ai kin yi ƙoƙari, wannan zai yi ja." Ɗanye, bayan an cire ƙwallo, kilo 3 da gram 400.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Ƙwai babu, karo na farko tun bara. Huɗu suna zubar da gashi yanzu. Wuyan Fingi ya cika da tsinken sabon gashi. Mun ci kel da karas, sanyi ya ƙara musu zaƙi, ɗacin kel ya ragu sosai.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An mayar da agogo baya da awa ɗaya, yanzu rana tana faɗuwa wajen biyar da rabi. Kaji suna shiga akurki kafin in dawo daga aiki, don haka rufe ƙofa ya koma hannun babban yarona, na nuna masa yadda ake sa ƙugiya a kan sakata saboda rakun.

Zoɓo ya bushe, gram 370 ya rage. Na dafa cokali huɗu da citta da kanumfari, ya yi ja sosai, tsaminsa ya fi na shago kaifi. Kowa ya sha kofi ɗaya, sauran na zuba a kwalba, na ware wani na azumi.

Gurguzu ne ban samu ba. Na fasa ƙwallaye fiye da 30, 'ya'yan duk farare ne masu laushi, ba wanda ya yi baƙi. Iri sai na sake nema.

Kuɗin da na kashe daga 28 ga Satumba: abincin kaji dala 42, dusar katako sau biyu 14, leda 12, karan alkama 8, irin tafarnuwa 16, farantin ruwa 42. Jimla dala 134.

Abin da na tsara wa baɗi: ba yakuwar da za ta sake zuwa kusa da shingen ƙasa, can kel da karas za su koma. Zan nemi irin da ake kira Thai Red, wanda ke fure da wuri, in shuka rabi da shi rabi da namu in gwada su a jikin bango ɗaya. Gindi huɗu na namu zan sa a manyan tukwane, daga farkon Agusta in riƙa shigar da su gareji ƙarfe bakwai na yamma in fito da su ƙarfe takwas na safe, su samu dogon daren da suke bukata tun zafi bai tafi ba. Mayafin lambu kuma a Satumba zan saya, da sanduna ninki biyu.

Wannan makon: tuge karan yakuwa, tara ganyen bishiyar maƙwabci da ya ce in kwasa in zuba wa kaji a farfajiya, zare robar ban ruwa daga famfon waje kafin ta fashe, da jan wayar wuta zuwa akurki kafin farantin ya iso ranar Laraba.